Zinariya: Daga Ramukan Birnin Gwari Zuwa Kunnen Amarya

A ƙasar Birnin Gwari da wuya a sami gidan da ba a zancen zinariya. Wani yayansa yana haƙa, wani kawunsa yana saye, wata kuwa uwarta ta ƙulle mata 'yan kunne a ƙasan akwati tana jiran ranar aure. Tsofaffi suna ce mata zinariya ko zinare, mata da 'yan kasuwa suna ce mata gwal, amma duk abu ɗaya ne. Abin mamaki shi ne, ko da yake a kanta muke takawa, kaɗan ne daga cikinmu za su iya faɗin abin da ya sa ta fi sauran ƙarafa daraja. Wannan rashin sani kuwa ba ƙaramar hasara yake jawowa ba. Shi yake sa a sayar wa mace tagulla a kuɗin gwal, shi ne kuma ya kai ɗaruruwan yara kabari a ƙauyukan maƙwabtanmu.

Saboda haka muka ga ya kamata mu bi zinariya tun daga cikin dutse har zuwa kunnen amarya. Za mu ga cewa halaye uku ne suke tafiyar da dukan al'amarinta: tana da nauyi, ba ta tsatsa, tana kuma da laushi. Wanda ya riƙe waɗannan uku zai gane aikin mai haƙa, da aikin maƙeri, da dabarar macuci.

Mece ce zinariya?

A ajin kimiyya mun koyi cewa dukan abin da ke duniya an gina shi ne da wasu sinadarai na asali, waɗanda aka san guda 118 a yau. Zinariya ita ce ta 79 a jerinsu, alamarta kuwa Au, daga sunanta na harshen Latin, wato aurum. Tun da yake ita kanta ta asali ce, ba mai iya haɗa wasu abubuwa a tukunya ya dafa su su zama zinariya. Masanan zamanin dā a Masar da ƙasashen Larabawa da Turai sun ƙarar da shekarunsu suna dafa dalma da zaiba da wannan buri, ba wanda ya yi nasara. Don haka duk wanda ya zo muku da labarin wani ruwa ko hayaƙi mai ninka gwal, ku sani ɗan damfara ne.

Ga ta kuma da ƙaranci. An ƙiyasta cewa dukan zinariyar da 'yan adam suka haƙo tun farkon tarihi har zuwa ƙarshen 2024 ba ta wuce tan 216,000 da 'yan kai ba. Da za a narkar da ita wuri ɗaya, da ta shige cikin ɗaki guda mai tsawon mita 22, faɗin mita 22, da bisa mita 22. Kusan rabinta yana jikin mutane ko cikin akwatunansu a matsayin kayan ado.

Halayenta uku

Na fari shi ne nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce. Lita ɗaya ta baƙin ƙarfe kilo 7.9 ce, ta azurfa 10.5, ta dalma 11.3, amma ta zinariya kilo 19.3. Da za a cika jarkar nan mai lita 25 da muke ɗiban ruwa da ita da zinariya, da nauyinta ya kai kilo 482, wato kusan buhun siminti 10. Ƙarti huɗu ba za su ɗaga ta ba.

Na biyu shi ne rashin tsatsa. Fartanya in ta kwana biyu a raɓa sai ta yi ja. Tagulla takan yi kore, azurfa takan yi baƙi, domin iska da danshi suna cin su. Zinariya kuwa ba ruwanta da iska, ko gishiri, ko gumi. A 1922 aka buɗe kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar, daga baya aka fito da marufin fuskarsa na zinariya, mai nauyin kusan kilo 10, yana ƙyalli bayan fiye da shekara 3,000 a ƙarƙashin ƙasa. Ba sai mun je Masar ba ma. Haƙorin Makka da alhazai da hajiyoyi suke sawa yakan shekara da shekaru cikin yawu da goro da miya mai yaji, bai canja ba. Saboda wannan hali ne kuma ake shafa 'yar zinariya kaɗan a mahaɗar wayoyin da ke cikin kwamfuta da wayar hannu, gama tana wuce da lantarki sosai, ba ta kuwa yin tsatsar da za ta katse shi. Abubuwa kaɗan ne suke iya cin ta. Akwai haɗin asid iri biyu da ake kira ruwan sarki, akwai guba mai suna sayanaid, akwai kuma zaiba, wadda za mu sake gamuwa da ita a gaba.

Na uku shi ne laushi. Babu ƙarfen da ya kai ta yarda da guduma. Giram ɗaya tak ana iya buga shi ya baje ya rufe fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, har haske ya riƙa ratsa shi. Wannan giram ɗin ana iya jan sa ya zama zare mai tsawon fiye da kilomita 2. Tana kuma narkewa a zafin digiri 1,064, alhali baƙin ƙarfe sai ya kai 1,538. Gawayi mai kyau da zuga-zugi sun isa su narkar da ita, shi ya sa mutanen dā suka iya sarrafa ta tun kafin su san ƙirar baƙin ƙarfe.

Yadda ta sami kanta a ƙasarmu

In muka duba taswirar duwatsun Nijeriya, za mu ga wasu dogayen jerin duwatsu masu ɓarewa falle-falle, sun miƙe daga arewa zuwa kudu a yammacin ƙasar. Akwai na Anka, da na Maru, da na Zuru, da na Kushaka, da namu na Birnin Gwari, har can Ilesha a ƙasar Yarbawa. Masana ilimin duwatsu sun ƙiyasta cewa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce ƙasar wannan yanki ta matsu, ta lanƙwashe, ta tsattsage. Ruwa mai tsananin zafi ya taso daga can ƙasa ta cikin tsagogin, ɗauke da narkakkun ma'adinai. Da ya huce sai ya bar jijiyoyin farin dutsen nan mai ƙarfi da ake kira kwaz, da ƙwayoyin zinariya a warwatse a cikinsu. Waɗannan jijiyoyi ne masu haƙa suke bi. Inda kuma ruwan sama ya daɗe yana cin dutsen, ƙwayoyin sukan gangara rafi, nauyinsu ya sa su kwanta a ƙarƙashin yashi. Shi ya sa ake samun ta iri biyu, ta dutse da ta rafi.

Afirka ta Yamma ta daɗe da suna a kan zinariya. A 1324 Sarkin Mali Mansa Musa ya ratsa Alƙahira a hanyarsa ta zuwa aikin hajji, ya yi ta rabon zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwannin Masar. Ƙasar Gana kuwa, inda fataken Hausa suke zuwa fataucin goro ta hanyar Gwanja, Turawa sun kira ta Gaɓar Zinariya har zuwa 1957.

A Nijeriya, an fara rubuta lissafin zinariyar da ake haƙowa a 1913. Aikin ya bunƙasa a shekarun 1930, da dalili. Kasuwar kuza ta faɗi a Jos, ga kuma farashin zinariya ya tashi bayan Ingila ta daina ɗaure kuɗinta da ita a 1931, Amurka kuma ta ɗaga farashin oza daga dala 20.67 zuwa dala 35 a 1934. Sai masu haƙa suka bazu a lardunan Neja da Sakkwato da Zazzau. Tsofaffin ramukan Tsohon Birnin Gwari da na Kwaga suna cikin wuraren da aka yi aiki a zamanin Turawa. Yaƙin Duniya na Biyu ya karya harkar, domin an karkata ma'aikata zuwa haƙar kuzar da yaƙi yake bukata. Tun daga nan yawancin aikin ya koma hannun talakawa masu diga da shebur.

Daga dutse zuwa ƙwaya

Mai haƙa ba ya bukatar littafi kafin ya yi amfani da hali na fari. Yakan fasa dutse, a daka shi ko a niƙa a inji har ya zama gari, sa'an nan a zuba a kwano a yi ta rairaya cikin ruwa. Farin dutse nauyinsa bai wuce na ruwa sau 2.7 ba, saboda haka ruwa yakan tafi da shi, zinariya mai nauyin ruwa sau 19 ta zauna a gindin kwano. Masu babban aiki sukan shimfiɗa kafet ko bargo a kan katako mai gangare, su kwarara garin da ruwa, ƙwayoyi masu nauyi su maƙale a gashin kafet.

A nan ne sabon shiga yakan ruɗe, gama akwai abubuwa biyu masu kama da ita. Ɗaya shi ne dutsen fairait, wanda Turawa suke yi wa laƙabi da zinariyar wawa. Ɗayan kuma ɓawon dutsen nan ne mai walƙiya da muke gani a yashin rafi. Halayen da muka koya sun isa su raba gardama. In aka buga fairait da guduma sai ya farfashe ya zama baƙin gari, zinariya kuwa sai ta baje kamar an taka ƙwallon tuwo. Ɓawon dutse yakan yi ta yawo a ruwa, zinariya takan nutse nan take.

Matsala ita ce, yawancin ƙwayoyin ƙanana ne ƙwarai, ba a iya tsince su da hannu. Sai a zuba zaiba a kwano. Zaiba takan haɗiye zinariya ta bar yashi, a matse ta a tsumma ta zama ɗan curi mai launin toka. Sa'an nan a ƙona curin. Da yake zaiba tana tafasa a digiri 357, sai ta tashi ta bi iska, zinariya ta rage.

Inda haɗarin yake

Zinariya ita kanta ba ta da dafi. Abokan tafiyarta ne suke kisa, kuma su huɗu ne.

Na fari dalma. A wasu wurare jijiyar da take ɗauke da zinariya tana ɗauke da dalma mai yawa. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara suna ta mutuwa da farfaɗiya a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya har da Bagega. Da aka bincika, sai aka tarar mutane suna kawo dutse cikin gida, suna daka shi a turmi, suna niƙa shi a injin hatsi. Ƙurar ta bi tsakar gida, yara masu rarrafe suka riƙa kai ta baki. Yara kimanin 400 suka rasu, dubbai kuma aka yi musu magani, waɗansu suka tashi da lahani a ƙwaƙwalwa. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 abin ya sake faruwa kusa da mu, a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, inda hukuma ta ba da sanarwar rasuwar yara 28. Ido ba ya iya gane dutsen da ya kuɓuta daga dalma, sai an auna a ɗakin gwaji. Saboda haka dokar ita ce: kada dutsen rami ya shigo gida, kada a niƙa shi inda ake niƙa abinci, a jiƙa shi kafin a niƙa don kada ƙura ta tashi, mai aiki ya yi wanka ya sāke tufafi kafin ya ɗauki yaro.

Na biyu zaiba. Tururinta ba shi da launi, ba shi da wari, amma yana shiga huhu ya wuce ƙwaƙwalwa. Yana kawo rawar hannu, da mantuwa, da ciwon ƙoda, yana kuma lahanta jaririn da ke ciki. Wadda ta zube a rafi takan shiga jikin kifi, ta dawo mana a miya. Wani gari a Japan mai suna Minamata ya ga wannan bala'i a 1956, shi ya sa yarjejeniyar duniya ta 2013 a kan rage amfani da zaiba take ɗauke da sunansa. Nijeriya ta amince da ita a 2018. Akwai wata 'yar tukunyar ƙarfe mai murfi da bututu, wadda take kama tururin ta mai da shi ruwa, kuma mai walda na gari yana iya ƙera ta. Ko kusa kada a ƙona curi a ɗaki, ko a murhun girki.

Na uku rami. Ramin da ba a tokare ba yakan rufta, musamman da damina. Hayaƙin injin jan ruwa kuma yakan taru a ƙasan rami ya kashe mutum shiru. Ramukan da aka bari a buɗe suna cin shanu da yara, suna kuma lalata gona.

Na huɗu bindiga. Dajinmu babba ne. Gandun Kamuku kaɗai, wanda aka keɓe a 1936 aka kuma mai da shi gandun ƙasa a 1999, ya fi murabba'in kilomita 1,100, ga shi kuma yana haɗe da dazuzzukan Zamfara da Neja. Mun san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukanmu da hanyar Kaduna, ba kuwa za mu manta da mutanen Gwaska da aka kashe a watan Mayu na 2018 ba. An sha ba da rahoton yadda masu makamai suke karɓar haraji a wuraren haƙa. Dalili a fili yake: dukiyar da ta fi garken shanu tana iya shiga aljihun riga. Wannan ne ya sa Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ba ta ɗage ba sai a Disamba 2024. A Nuwamba 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da waɗansu daga cikin masu ɗauke da makamai, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe.

A hannun maƙeri

Hausawa sun raba ƙira gida biyu. Maƙeran baƙi suna yin fartanya da gatari da lauje. Maƙeran fari kuwa su ne masu azurfa da tagulla da zinariya, masu yin zobe da sarƙa da awarwaro da 'yan kunne, kamar waɗanda aka daɗe da sani a kewayen kasuwar Kurmi ta Kano. Laushin zinariya ne yake ba maƙeri damar jan ta ta zama zare, ya murɗa, ya saƙa, ya yi mata zane. Amma wannan laushin shi ne kuma aibinta. Zoben zinariya zalla yakan lanƙwashe a hannun mai daka, maƙallin ɗan kunne ya buɗe ya faɗi. Don haka akan gauraya ta da jan ƙarfe ko azurfa ta yi ƙwari. Jan ƙarfe yana sa ta yi ja-ja, azurfa tana sa ta yi haske, in kuma aka sa faladiyam ko nikel sai a sami farin gwal.

Ma'aunin wannan gauraye shi ne karat. A ɗauka an raba abu kashi 24. In duka 24 zinariya ce, shi ne karat 24. In 18 ne zinariya, 6 wani ƙarfe, shi ne karat 18. Akan buga lamba a jikin kaya, kusa da maƙalli ko a cikin zobe, mai nuna kashi nawa ne zinariya cikin 1,000:

Karat 24, lamba 999.
Karat 22, lamba 916.
Karat 21, lamba 875.
Karat 18, lamba 750.
Karat 14, lamba 585.
Karat 9, lamba 375.

Ga lissafi mai sauƙi. Sarƙa mai giram 10 ta karat 18 tana da zinariya giram 7.5. In ta karat 21 ce, irin wadda aka fi kawowa daga Saudiyya da Dubai, tana da giram 8.75. Wanda ya sayar maka da karat 18 a kuɗin karat 21 ya cuce ka giram 1.25 ke nan, ko da yake sikelinsa bai yi ƙarya ba.

Akwai kuma kayan da aka yi wa ruwan gwal kawai. Cikinsu tagulla ne, an shafa musu zinariyar da ba ta kai kaurin gashi ba. Ba laifi ba ne a saya in an san abin da aka saya. Amma araha ba ta ado: in ruwan ya goge, jan ƙarfen yakan bar kore a wuya, nikel kuma ya sa kunne ƙaiƙayi.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Lamba kaɗai ba ta isa shaida ba, gama macuci ma yana da abin buga lamba. Ga gwaje-gwaje uku.

Mayen ƙarfe ba ya jan zinariya. In ya ja sarƙa, akwai baƙin ƙarfe ko nikel a ciki. Amma fa tagulla ma ba ya jan ta, don haka wannan gwaji yana kama ƙaramin ɓarawo ne kawai.

Masu sayar da gwal suna da wani baƙin dutse da suke goga kaya a kai, sa'an nan su ɗiga asid a kan zanen. Zanen tagulla yakan ɓace, na zinariya ya tsaya. Kayan ruwan gwal sukan tsallake wannan in ba a goga da zurfi ba.

Na uku muna iya yin sa a ɗakin gwajin makaranta. An ce wani masani Bagirke mai suna Arkimidis ne ya gano shi fiye da shekara 2,200 da suka wuce, sa'ad da sarkin garinsu ya yi zargin maƙeri ya cakuɗa masa azurfa a kambi. A auna nauyin abu, a jefa shi cikin kwalbar awo mai ruwa, a ga mililita nawa ruwan ya ƙaru, a raba nauyin da wannan adadi. Giram 50 na zinariya zalla zai ɗaga ruwa mililita 2.6, na tagulla kuwa kusan 6. Amsar karat 22 takan kusa 18, ta karat 18 tsakanin 15 da 16, ta tagulla ba ta kai 9 ba. Sai dai gwajin ba ya aiki ga awarwaro mai rami a ciki, ko kaya masu duwatsu.

Iyayenmu mata, in za ku saya, ku sa a auna a gabanku, a rubuta muku rasit mai nuna nauyi da karat. Ku tambayi kuɗin aiki dabam, domin ranar sayarwa nauyin zinariya kaɗai ake biya, ban da ƙira, ban da duwatsu. Ku kuma nisanta kayanku da ruwan bilic na wanki, da man shafawar nan na sa fari, waɗanda waɗansunsu suke da zaiba. Abin da yake dusar da zobe, ku yi tunanin abin da yake yi wa jiki.

Ado ne, ajiya ce kuma

Rashin tsatsa ne ya mai da zinariya ma'aunin alkawari da na dukiya. A majami'a ango yakan sa wa amarya zobe don shaidar alkawarin da ba a so ya dusashe. Wurin 'yan'uwanmu Musulmi, mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, wato zinariya giram 1 da ɗan ɗori, nisabin zakka kuma dinari 20, kimanin giram 85. Mace kuwa ta san abin da take yi in ta sayar da akuya ta sayi 'yan kunne. Hatsi yana yin ƙwari, akuya tana mutuwa, naira tana zubewa, amma giram yana nan giram. A kasuwar duniya da oza ake awo, wato giram 31.1. Oza ɗin da yake dala 35 a 1934 ya haura dala 2,000 a 2020, ya haura 3,000 a Maris 2025, ya kuma haura 4,000 a Oktoba na shekarar. Farashi yakan sauka kamar yadda yakan hau, amma sau da yawa sarƙar uwa ce take biyan kuɗin makaranta ko na asibiti ranar da ta ɓaci.

Abin da ya rage gare mu

Mu lura da hanyar da zinariyarmu take bi. Ɗan ƙauye ya shiga rami ya shaƙi ƙura, ya sayar wa dillali ba tare da ya san karat nawa ya haƙo ba. Daga nan yawancinta takan tsallake iyaka, a tace ta a wata ƙasa, a ƙera, ta dawo mana a lefe da tsada. Wahala tamu, riba ta mai sikeli da mai matata. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce dukan abin da ke ƙarƙashin ƙasa yana hannun Gwamnatin Tarayya, ta kuma buɗe wa ƙananan masu haƙa hanyar kafa ƙungiya su nemi lasisi. A 2020 Babban Bankin Nijeriya ya sayi curin zinariyar gida mai kilo 12.5 don ajiyar ƙasa. Ke nan ƙofa a buɗe take, masu ilimin shiga ne suka yi ƙaranci.

'Yan'uwa ɗalibai, duk lokacin da farashi ya tashi mukan ga kujeru sun zama wofi a aji, yara sun tafi daji. Waɗansu sukan dawo da babur, waɗansu da tari, waɗansu ba sa dawowa. Kada garin neman gira a rasa ido. Ƙasar nan tana bukatar wanda zai auna dutse ya ce yana da dalma ko ba shi da ita, da wanda zai tokare rami, da wanda zai tace, da wanda zai ƙera. Ana koyon ilimin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ana koyon aikin ma'adinai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, hanyar zuwa can kuwa ta kan lissafi da kimiyyar da muke yi yanzu ta bi. Kafin nan, in mun je hutu, mu gaya wa na gida abu biyu: dutsen rami ba ya shiga turmin abinci, gwal kuma ba a sayen sa sai da awo. In kunne ya ji, jiki ya tsira.